Ƙira ce ko haɗi? Muhawara kan 'yar Fijon Baban Walid

Baban Walid (Jekadafari): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hoton abin da ya raba ni da majalisar bayan isha'i wata biyu da 'yan kwanaki. Peugeot 405 T16 ce, irin wadda ta ci tseren Faris zuwa Dakar a 1990. Kada hoton ya ruɗe ku, a kan tiren shayi take zaune, tsawonta bai cika taƙina ɗaya ba. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yi ta a ma'aunin 1/24, wato an raba girman ta gaske gida 24. A kwali ta zo gutsi-gutsi, kowane yanki maƙale a jikin firam na roba kamar ƙashin kifi. Ni na yanke, na goge, na manna, na yi fenti. Ƙanena da ke aiki a Malesiya ne ya tsinto min ita wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya, kwalin ma duk ya sha jiki.

Dalilin da ya sa na nace sai ita: muna 'yan firamare akwai wani garejin Fijo a hanyarmu ta komawa gida, a bangonsa an maƙala kalanda mai hoton motar nan, ruwan ɗorawa, ta yi tsalle daga kan tudun rairayi, ƙafafunta huɗu duk a sama. Shekarar kalandar ta wuce amma mai garejin bai cire ta ba. Na fi sau goma ina gwada ƙera ta da langa-langa, kullum in na gama sai ta fito a-kori-kura. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina bin ta bashi.

Tambayata biyu ce. Akwai mai irin wannan aikin a Gombe ko Bauchi? Sannan yaya ake yi da ƙura? In kun ƙura wa saman motar ido za ku ga ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa mata gero.

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Tubarkalla, ta yi kyau Yallaɓai. Amma tsakani da Allah nawa ta ci?

Baban Walid (Jekadafari): Ɗan Wunti, uwargida tana cikin zauren nan. Mu bar maganar.

Ɗan Wunti: To na gane, ta haura buhun masara ke nan. Tana tafiya kuwa? Akwai rimot?

Baban Walid (Jekadafari): Ba ta tafiya. Ta kallo ce.

Ɗan Wunti: Mota ba ta tafiya, ba a hawa, ba a ba yaro ya yi wasa da ita. Yallaɓai ai hoton kalandar ma ya wadatar.

Bappa Direba (Tashar Dukku): Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa, don haka in kun ga kuskure nata ne. Baban Walid, sannu da ƙoƙari, aiki ya yi tsaf. Sai dai kalma ɗaya ce ban yarda da ita ba a bakin masu yaba ka, masu cewa ka ƙera mota. Ba ka ƙera ba, haɗawa ka yi. Wani can a Japan ya auna, ya zuba roba, ya huda ramin da kowane abu zai shiga, ya haɗo maka da takarda mai lamba ɗaya, biyu, uku. Kai bin umarni ka yi.

Ƙira ita ce wadda muka yi. Mu tashi tun da safe mu nufi wajen BCGA, inda ake gurzar auduga a ɗaure ta dila-dila, mu tsinci langa-langar da aka yanke aka yar. Mai gadi ya kora mu, mu zagayo ta baya. Ka zo da ita a nannaɗe, ka shimfiɗa a kan dutse ka yi ta bugu da wani dutsen har ta miƙe. Ba mu da filaya. A tsagar ƙyauren gida muke sa ta mu lanƙwasa, wurin karyawa kuwa sai ka yi ta kai da kawowa har ƙarfen ya yi zafi ya rabu. Ɗauri da robar tiyub ɗin keke, a yanka ta siriri a ja ta sosai. Taya kuma tsohon silifa: ka ɗora bakin gwangwanin madara a wuta, in ya yi ja ka danna a kan silifan, ya fitar maka da taya zagayayya sumul. Ka haɗa biyu-biyu a baya in roka kake yi. Wayar keke ce gindin taya. Sifirin ma muna yi, langa-langa uku, wata ta fi wata tsawo, a jera su kamar na babbar mota, har in ka loda mata yashi ka ga ta zauna, ka sauke ta ɗago. Sitiyari doguwar waya ce har ƙugu, kana tafe kana juyawa, ƙafafun gaba suna bin hannunka.

Wa ya ba mu takarda? Roka ce za ta tsaya a tasha, mu kwanta a ƙasa mu leƙa cikinta har yaron mota ya zo ya make mu. Da ido muke ɗaukowa mu kai gida. Duba hannuna na hagu har yau akwai tabon langa-langa a babban yatsa.

Maman Ilham: Bappa ka tuna min da yayyena. Mu mata ba a ba mu tuƙi, sai dai a ce ke ce fasinja, ki kawo 'yar tsanarki a ɗora. Amma duk kujerun motar Hamma ni nake yi da totuwar kara, in lulluɓe da ƙyallen da na tsinto a shagon tela. Ranar da ya ci tseren unguwa ko sunana bai ambata ba. Har yanzu ina tuna masa.

Injiniya (Yelwa, Bauchi): Baban Walid, ga ɗan'uwanka a nan. Shekara shida ina yi, guda tara ne a kabad ɗina. Zan dawo kan ƙura, amma bari in fara da Bappa.

Bappa, Allah ya ƙara girma, in haɗi ba aiki ba ne to Fijo 504 da ka ci abinci da ita shekara da shekaru ita ma haɗi ce. Da aka buɗe masana'antar Fijo ta Kaduna a 1975, a akwatuna kayan suka riƙa zuwa daga Faransa, har jigilarsu aka riƙa yi ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a kwaso su a mota zuwa Kaduna a ɗaura. Haka Steyr ta nan Bauchi, manyan motoci da taraktocinta daga Ostiriya kayan suka riƙa tasowa. Ban taɓa jin an ce wa ma'aikatan wuraren nan ba su iya komai ba.

Sannan akwai abin da langa-langa ba ta koya mana ba, wato ma'auni. Motocinmu na yara taya takan kai rabin tsayin bodi, ba wanda ya damu. A nan kuwa lissafi ne. Tsawon 504 salun mita 4.49 ne. Raba shi gida 24, ka samu santimita 18.7. A ma'aunin 1/43 ta dawo santimita 10 da ɗan kai, a 1/64 kuma santimita 7. Kuma ba tsawon kaɗai ba, madubi, salansa, kaurin sitiyari, komai sai ya bi wannan rabon, in abu ɗaya ya kauce ido zai gaya maka ko ba ka san dalili ba. Mutanen Tamiya ɗin nan da katako suka fara a garin Shizuoka a 1946, gidan yankan katako ne ma asalinsu. Da za su fitar da Porsche 934 a 1976, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta ƙusa-ƙusa don su auna, ƙarshe mayar da ita ya gagare su sai da aka nemo makanikan kamfanin. Ka ga su ma kwanciya suka yi a ƙarƙashin mota kamar ku, bambancin su da tef a hannu.

Bappa Direba (Tashar Dukku): Injiniya ka taimake ni da bakinka. Su suka kwanta a ƙarƙashin mota, su suka auna, to su ne maƙeran. Kai da Baban Walid 'yan ɗauri ne. Ban raina ɗauri ba. Amma mai haɗi ranar da akwati bai iso ba sai ya naɗe hannu. Mu kuwa ranar da babu langa-langa kara muke yi, babu kara mu koma gwangwanin kifi, babu shi mu kwaɓa laka.

Injiniya (Yelwa, Bauchi): Wannan kam ka taɓa ni a inda ke ciwo. Akwai wata da madubinta ɗaya ya faɗi ya ɓace tun bara, har yau tana nan da kunne ɗaya, na kasa yanke shawarar sassaƙa wani.

Mai Fenti (Bolari): Ku bar ni da maganar ƙura, nan ne gonata. Ban taɓa fesa ƙaramar mota ba amma shekarata ashirin ina fesa manya, kuma ƙurar Gombe ba ta san babba da yaro ba. Alhaji, a wane wata ka yi fentin?

Baban Walid (Jekadafari): Ƙarshen Disamba. A baranda, da la'asar.

Mai Fenti (Bolari): Innalillahi. Hunturu, a waje, da la'asar. Ai sai godiya da ba ta fito kamar sanfefa ba. Ka ji yadda muke yi. Da sassafe ake feshi, bayan asuba kafin iska ta tashi, kafin mata su fara shara. Ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin tukuna, ƙura ta kwanta. Kada ka sa rigar sanyi mai gashi. Ka tanadi roba mai zurfi, wankakkiya, kana gama fesawa ka kife ta a kai, ka ɗan sa tsinke a gefe don iska ta samu hanya. Kuma kada ka nemi launi ya rufe a hannu ɗaya. Hannu na farko kamar hazo, har kana hango ƙasan. Ka jira, ka ƙara. Uku ko huɗu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri da zai zubo da hawaye.

Wanda ya riga ya faru kuma yana gyaruwa. Bar shi ya bushe sosai, mako guda ma ba laifi. Samo sanfefa mai lamba 2000 wurin masu kayan fenti, jiƙa ta a ruwa mai ɗan sabulu, ka shafa a hankali kamar kana shafa kan jariri. Ka kiyayi kusurwa, nan fenti ya fi siriri. In ƙurajen sun kwanta sai ka bi da man goge mota a tsumma mai laushi. Gargaɗi ɗaya: tinar da muke aiki da ita kada ta kusanci robar nan. Na ga yadda take yi wa murfin fitila, narkar da shi take.

Injiniya (Yelwa, Bauchi): Duk abin da Oga ya faɗa haka yake, har maganar tina. Robar da ake waɗannan motoci da ita ba ta jure ta. Gam ɗinsu ma ba manne yake yi irin na takarda ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, shi ya sa in ya taɓa yatsanka ka dafa bodi, zanen yatsan ya zauna ke nan. Ƙari a kan ƙura, a kiyayi zafi. Kada a bar kwali a cikin mota a watan Maris ko Afrilu. Na yi asarar bodi guda haka, na dawo daga masallacin Juma'a na tarar rufin ya murɗe.

Baban Walid, na ƙara girman hotonka. Gilashin gaba ta gefen dama, me ya same shi?

Baban Walid (Jekadafari): Kai Injiniya, idonka. Na ɗauka na ɓoye shi da kusurwar hoto. Sufa gulu na sa. Na manna da dare lafiya lau, da safe na tarar gefen ya yi fari kamar an hura masa alli.

Injiniya (Yelwa, Bauchi): Kowa sai ya biya wannan harajin sau ɗaya. Tururin gam ɗin ne ke sauka a kan gilashi. Nan gaba farin gam na kafintoci za ka sa, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace. In ya bushe ba a ganinsa, in ya yi yawa ka goge da ruwa.

Baban Walid (Jekadafari): Na rubuta. Amma wallahi gilashin bai ba ni wuya kamar sitikun ba. Ba irin na ɓarewa a manna ba ne, a ruwa ake tsoma su, su saki takardar, ka zame su a kan bodi da burushi. Nawa sun tsufa a kwali. Na tsoma lambar ƙofa, ina kallo ta tarwatse gida bakwai tana yawo a kan ruwa kamar ganyen shayi. Da matsefata da tsinke na bi su ɗaya-ɗaya na jera, an ɗauke wuta, Walid na riƙe min da fitilar waya yana hamma. Har ƙarfe ɗayan dare. In ka duba da kyau lambar ta ɗan karkace.

Maman Ilham: Ita uwargidan me ta ce da aka kai ɗayan dare?

Baban Walid (Jekadafari): Amarya take kiranta. In na shigo gida sai ta ce amaryarka na nan ba ta ci ba ta sha ba. Tiren shayin ma nata ne, ta ce in na gama biki in dawo mata da shi.

Abban Sadiq (Tumfure): Ni ban iya aikin hannu ba amma motar nan na san labarinta. Sau huɗu a jere Fijo ta ci Dakar, daga 1987 zuwa 1990, biyun farko da 205, biyun ƙarshe da wannan 405 ɗin. Ari Vatanen, mutumin Finlan, shi ya ci uku a ciki. Ta 1988 da ta kuɓuce masa kuwa, yana kan gaba aka sace motarsa da dare a Bamako. An gano ta daga baya amma ya makara wurin tashi, aka cire shi, abokin aikinsa Juha Kankkunen ya ci. A 1989 kuma shi da Jacky Ickx suka dinga tsere wa juna kamar za su kashe kansu, alhali kamfani ɗaya suke wa aiki. Da aka iso Gao a Mali sai shugabansu Jean Todt ya jefa sulalla sama, ta faɗo ta ba Vatanen. Launin ɗorawar nan na 1990 na kamfanin taba ne mai tambarin raƙumi, shi ya ɗauki nauyinsu. Kuma ta maƙwabtanmu suka bi, ta Libiya suka gangaro Nijar, suka ratsa Agadas. Yanzu sunan Dakar ne kawai ya rage, tun 2020 a Saudiyya ake yi.

Bappa Direba (Tashar Dukku): Na ce jikata ta buɗe min hoton da kyau. Wannan ba 405 ɗin da na sani ba ce. Ƙofa biyu gare ta. Kuma me nake gani a bayan kujera?

Baban Walid (Jekadafari): Injin ne Bappa. A tsakiya yake, bayan direba, kuma ƙafa huɗu ke ja. Fitilu da fuska kawai ta aro.

Bappa Direba (Tashar Dukku): To riga ce aka sa wa wata dabbar. In tseren gaskiya ake so a yi maganar 504.

Abban Sadiq (Tumfure): Ita ma ta yi nata Bappa. Tseren Safari na Kenya, wanda aka fara a 1953, 504 ta ci shi a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, ta sake ci a 1978 da samfurin nan mai ƙofa biyu da injin V6. Kafin ita ma 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960.

Bappa Direba (Tashar Dukku): Madalla. Su mutum biyu ne a mota, da hular kwano, da makanikai na jiransu a gaba. Ni wagon nake ja da fasinja cike, buhu a but, akuya a kan buhu, hanyar Dukku da damina tun ba ta ga kwalta mai kyau ba. Ba wanda ya ba ni kofi.

Malam Na Kumo: Ina ta karatu ina murmushi. Ina koyarwa a firamare, kuma ina so in gyara wani zato da na ga yana yawo a ƙarƙashin maganganun nan, cewa yaran yanzu sun daina. A cikin gari wataƙila. A ƙauye suna yi. Kayan ne suka canja. Yanzu robar lemo ce bodi, murfinta taya, tsinken tsire gindin taya. Wani yaro a ajina ya ciro ƙaramin injin daga mataccen rediyon kaset, ya haɗa da batirin tocila da robar ɗaure kuɗi, motarsa ta ratsa aji da kanta. Bayan girbi kuma har yanzu ana motar kara: a fere bayan karan dawa a samu tsinkaye, totuwar ta zama katako, a yi ta sokawa har a tada roka da bodinta da lodinta.

Abin da ya mutu shi ne darajar abin a wurin manya. Da akwai darasin aikin hannu, yaro ya kawo abin da ya yi a ba shi maki. Yanzu a wurare da yawa tsintsiya ake cewa ya sayo, ko ya kawo kuɗinta. Lissafin da Injiniya ya yi a sama kuwa shi ne darasin rabo da nake fama da 'yan aji shida a kansa. Gobe da tef zan shiga, mu auna motar hedimasta mu raba gida 20.

Ɗan Wunti: To na sauko kaɗan. In mutum na so ya taɓa, ba shi da ƙane a Malesiya, ta ina zai fara?

Injiniya (Yelwa, Bauchi): Ta gwanjo. Ka duba wurin masu zuba tsofaffin kayan wasan yara a ƙasa, a Wunti ko Muda Lawal. A cikin tarkacen nan akan samu ƙananan motocin ƙarfe, ka juya cikinsu ka karanta: Matchbox, wadda aka fara a Ingila a 1953, ko Hot Wheels ta Amurka da ta fito a 1968, ko Majorette ta Faransa. Waɗannan a haɗe suke zuwa, ba irin ta Baban Walid ba ce, amma makaranta ce mai arha. Ka zaɓi wadda fentinta ya ƙoƙe. A ƙasanta akwai ƙusa ɗaya ko biyu da aka dasa, ka kai wa mai gyaran agogo ko mai walda ya huda maka kansu, motar za ta rabu: bodi, gilashi, kujeru, ƙasa. Bodin ƙarfe ne, shi kam tinar Oga ba ta cinsa, ta wanke tsohon fentin tas. Ka sake mata launi, ka zana lamba. In ka ɓata ba ka yi asarar buhun masara ba.

Ni da Tyrrell P34 na fara, mai taya shida, huɗu ƙanana a gaba. Ta yi tsere da gaske, har ta ci gasar Suwidin a 1976 da Jody Scheckter ɗan Afirka ta Kudu. Kuskure ne farawa da ita, wayoyin injin kaɗai sun kusa sa ni kuka.

Bappa Direba (Tashar Dukku): Taya shida har abin faɗa ne? Na yi tirela mai taya goma sha takwas ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Silifan gidanmu kaf suka ƙare, har da na baƙo. Dukan da na sha ranar shi ma ba a ba ni kofi ba.

Baban Walid (Jekadafari): Na yi dariya har Walid ya leƙo. Bari in faɗi wani abu da ban yi niyyar faɗa ba. Daren da na manna taya ta ƙarshe na ɗora ta a tire, na zauna ina jiran wani daɗi da na sani, bai zo ba. Ta yi kyau, ta fi ta kalandar ma a idona. Amma na tuna ranar da na gama wata a-kori-kurar langa-langa, karkatacciya, taya ɗaya na gurgunta. Ban tsaya kallonta ba, waje na yi da gudu, kafin in kai bakin layi yara shida na bina, kowa na roƙon a ba shi tuƙi. Muka kai ta gangaren bayan makaranta aka yi ta tsere har magariba, aka aiko a kira ni sau biyu. Wannan kuwa da na kira Walid ya gani, tambayar Ɗan Wunti ya yi min, Baba tana tafiya? Na ce a'a. Ya ce to, ya koma kan wayarsa.

Ban yarda da Bappa cewa ba aiki na yi ba, idona da bayana sun san na yi. Abin da na gane kawai shi ne wadda nake bi bashi ba ita ce a kwalin ba.

Maman Ilham: Ka ba yaron langa-langa da filaya mana, ka ga ko zai koma kan wayar.

Injiniya (Yelwa, Bauchi): To ga shawara, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙera 504 da langa-langa, guda biyu. Ni da Baban Walid mu yi tamu da ma'auni, 1/10 don lissafin ya yi sauƙi: tsawo santimita 45, faɗi 17, tsakanin tayar gaba da ta baya 27 da ɗan kai. Bappa ya yi tasa da ido yadda ya saba. Da ƙaramar salla zan shigo Gombe, a ajiye su a ƙasa, a ga wadda ta fi kama da Fijo, a kuma ga wadda za ta kai ƙasan gangare da lodin yashi ba ta watse ba.

Mai Fenti (Bolari): Fenti a kaina, duka biyun. Amma ina za ku samu langa-langar? Yanzu yawancin dila da ta roba ake ɗaurewa, ta ƙarfen kuma 'yan jari-bola ba sa barin ta kwana a ƙasa.

Ɗan Wunti: Masu sayar da kayan gini suna yanke ta daga bandir ɗin kaya. Akwai shagon da na sani, zan tara muku in ba direban Gombe ya sauke a tasha.

Maman Ilham: Ni ce alƙaliya, kuma ni zan yi kujerun. Wannan karon a rubuta sunana a jikin ƙofa.

Baban Walid (Jekadafari): An gama. Walid ya ce shi zai tuƙa tamu, wai amma kada abokansa su gani.

Bappa Direba (Tashar Dukku): Na karɓa. Sharaɗina biyu. Wagon zan yi, ban san salun ba. Na biyu kada wanda ya zo min da tef kusa da tawa. Ɗan Wunti, in za ka aiko ka haɗo da wayar keke guda huɗu da tsohon tiyub, na keke ba na babur ba, na babur ya yi kauri ba ya jawuwa. Silifa kuma zan duba na gida, jikata ta riga ta kwashe nata ta ɓoye.